Daga Mujallar Lancet Zuwa Ɗakin Mai Jego: Da Me Ake Auna Aikin Masanin Ciwon Hanta?

Ina da aboki malamin jami'a a nan Sakkwato. Ran nan bayan la'asar muna zaune a ƙofar gida a Mabera, ana jiran rana ta yi sanyi, sai ya miƙo mini wayarsa. Shafinsa ne na Google Scholar. Ga jerin maƙalun da ya buga, kowace da lamba a gefenta, can sama kuma ga wata lambar daban. "Ka ga wagga lamba?" in ji shi. "Ita ce mutuncin malami yanzu."

Lambar ita ce ake kira ma'aunin h. Wani masanin kimiyyar fiziks da ke Kalifoniya, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ta a 2005. Idan aka ce ma'aunin malami 20 ne, ana nufin yana da maƙala 20 waɗanda sauran masana suka kafa hujja da kowace ɗayansu aƙalla sau 20. Da irin wannan lissafi ake duba takardun mai neman zama farfesa, da shi ake raba kuɗin bincike, da shi jami'o'i suke tinƙaho da juna.

A majalisar tamu akwai wani matashi tela, ɗan maƙwabta. Makonni kaɗan kafin nan ya je bai wa yayarsa jini bayan ta haihu, aka gwada shi aka ce jininsa ba zai yi ba, yana ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Tun daga ranar ya rage fara'a. Ya saurari bayanin lambobin nan har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, to cikin takardun ga akwai wadda ta hwaɗi yadda zan yi da iyalina? Tana da ciki wata shida."

Abokina ya ce ba fanninsa ba ne, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai tambayar telan tana da amsa, an kuma ba da ita fiye da shekara 40 da suka wuce. Wanda ya ba da ita wani likita ne Ba'amurke mai suna Palmer Beasley, wanda ko a cikin masu karatun likita ba kowa ne ya san sunansa ba. Labarinsa ya isa a yi awo da shi idan ana son a san abin da ake nufi da tasirin bincike.

Sai mun fara da ita kanta hantar. Gaɓa ce mai haƙuri, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi a jikin babba, tana tace jini, tana sarrafa abinci da magani, ba ta kuma cika kuka ba. Ƙwayar cutar nau'in B tana iya zama a cikinta shekara 20 ko 30 mutum yana noma, yana aure, yana zuwa Hajji, bai san komai ba. A hankali hantar take yin tabo a kan tabo har ta ƙanƙance ta yi tauri, wani lokacin kuma sankara ta tsiro a ciki. Abin da muke kira shawara, wato ido ya yi ɗorawa, fitsari ya yi ja, alama ce kawai. Zazzaɓin cizon sauro yana kawo ta, sikila tana kawo ta, toshewar hanyar matsarmama tana kawo ta. Mai ɗauke da ƙwayar B kuwa sau da yawa idonsa fari tas yake har zuwa lokacin da aski ya zo gaban goshi.

Ita ƙwayar, wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, ne ya fara gano alamarta a jinin wani ɗan asalin Ostareliya, ya buga a 1965, kafin 1967 kuma aka danganta ta da ciwon hanta. Ya samu kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce ranar ciwon hanta ta duniya. Amma gano ƙwaya daban, sanin ta inda take shiga da abin da take haifarwa daban.

Beasley ya isa tsibirin Taiwan a 1972, ƙasar da a lokacin kusan mutum ɗaya cikin biyar ko shida yake ɗauke da ƙwayar, sankarar hanta kuma take kashe magidanta kamar annoba. A wancan zamani ana ɗaukar cutar a matsayin ta allura da ƙarin jini. Shi da abokan aikinsa suka bi mata masu ciki da jariransu, a 1975 suka nuna cewa uwa tana bai wa jaririnta ƙwayar a wajen haihuwa. Bayan haka suka nuna cewa uwar da ƙwayar take hayayyafa sosai a jininta, mafi yawan jariranta za su kamu. Nan ne maganar ta yi nauyi, domin shekarun da mutum ya kamu su ne suke yanke hukunci. Babba idan ya kamu, jikinsa yakan kori cutar, waɗanda take zame musu ta dindindin ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Jariri kuwa, kusan kashi 90 cikin 100 za su riƙe ta har abada.

Sai babban aikin. Daga 1975 ya fara tattara maza ma'aikatan gwamnati har 22,707, ya gwada jininsu, ya zauna yana jira. Dabarar da ke cikin zaɓen ma'aikatan gwamnati ita ce suna da inshora, duk wanda ya mutu sai iyalansa sun kai rahoto kafin a biya su haƙƙinsu, saboda haka ba mai ɓacewa daga lissafi. A cikinsu 3,454 suna ɗauke da ƙwayar, 19,253 ba su da ita. Da ya buga sakamakon a mujallar likitanci ta Lancet a 1981, mutum 41 sankarar hanta ta kashe. Arba'in daga cikinsu masu ɗauke da ƙwayar ne. Ɗaya tak ya fito daga babban rukunin. A lissafinsa na lokacin, haɗarin mai ƙwayar ya ninka na wanda ba shi da ita sau 223; da aka ƙara shekaru ana bibiya, sai lambar ta tsaya wajen ninki 100. Ko shan taba da sankarar huhu dangantakarsu ba ta kai haka ƙarfi ba.

Da a ce nan ya tsaya, da ya samu lambarsa a Google Scholar, domin maƙalar tana cikin waɗanda aka fi ambato a fannin. Bai tsaya ba. Ya gwada yi wa jarirai allurar kariya da ta riga-kafi da zarar an haife su, ya nuna ana iya yanke igiyar da ke tsakanin uwa da ɗa. Sannan ya shiga aikin da masana da yawa suke ganin bai kai matsayinsu ba, wato bin ofisoshin gwamnati da lallashin masu mulki. A watan Yuli na 1984 Taiwan ta fara yi wa jariran uwaye masu ƙwayar riga-kafi, a 1986 ta haɗa da kowane jariri. A birnin Taipei, yaran da ke ɗauke da ƙwayar sun ragu daga kashi 9.8 cikin 100 a 1984 zuwa 0.7 a 1999. A 1997 wata likitar yara 'yar ƙasar, Mei-Hwei Chang, ta nuna cewa sankarar hanta a yara 'yan shekara 6 zuwa 14 ta ragu da kusan rabi. Karo na farko ke nan da aka ga allura ta hana sankara a cikin al'umma sukutum. Beasley bai samu Nobel ba har ya rasu a 2012, amma ya samu kyautar Sarki Faisal ta Saudiyya a fannin likitanci a 1985.

To, ina wannan aiki ya kwana a wurinmu?

A 1992 Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi kowace ƙasa ta sa allurar cikin riga-kafin yara kafin 1997. Kuɗinta ma ya faɗo, daga sama da dala 100 na allurai uku a farkon fitowarta zuwa ƙasa da dala ɗaya kowace allura. Nijeriya ba ta fara bayar da ita ga yara gaba ɗaya ba sai 2004, shekara 20 bayan Taiwan. A 2012 aka haɗa ta cikin allurar nan mai maganin cuta biyar da ake yi a mako na 6, na 10 da na 14. Telan majalisarmu an haife shi kafin 2004. Akasarin waɗanda suka girmi wannan shekara haka suka tashi ba kariya. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar B. A sahun sallar Juma'a mai mutum ɗari, wajen takwas ke nan, akasarinsu kuma ba su sani ba.

Allurar farko, wadda ita ce zuciyar binciken Beasley, ana son a yi ta cikin sa'a 24 da haihuwa. A nan ne takarda take karo da rayuwa. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna cewa a jihar Sakkwato haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin goma ba, yaran da suka samu cikakken riga-kafi kuma kashi 5 ne cikin 100, mafi ƙaranci a faɗin ƙasar. Wanda ya san gidajenmu ya san yadda yinin farko yake. Mace ta haihu a ɗaki da daddare, ungozoma ta yanke cibiya, an ɗora ruwan wanka, tsofaffi suna ta kai da kawo da kunun kanwa. Idan haihuwar fari ce, tana ma gidan iyayenta, mijin kuma kunya ta hana shi yawan magana a kan jaririn. Wa zai ɗauki ɗanyen goyo ya hau babur zuwa asibitin da ke nesa, alhali ko suna ba a yi ba? Idan ma an je, akwai ƙananan asibitocin da suke ware rana guda a mako don riga-kafi, ma'aikaci kuma yana jin nauyin fasa kwalba mai allura goma saboda jariri ɗaya. Kafin ranar ta zagayo, sa'a 24 ta zama kwana biyar.

Akwai kuma inda binciken Taiwan bai yi mana daidai ba, shi ya sa kwafo sakamakon wasu ba ya wadatarwa. A Afirka ta Yamma an gano cewa yara da yawa ba a wajen haihuwa suke kamuwa ba, a shekarunsu na farko ne, daga yaro zuwa yaro ko ta kayan da suka taɓa jini. Ƙwayar tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana bakwai. Na tsaya a zauren wani ɗan'uwa da safiyar suna ina kallon wanzami. Ya kwance zabirarsa, ya zaro aska, ya wasa ta a tafin hannu, ya tsoma a ruwan ƙwarya, ya sauke gashin jaririn cikin gwaninta. Dattijo ne mai tsafta a ganin ido, gadon gidansu ne tun kakanni. Ya goge askar da ƙyalle ya mayar, ya ce yana sauri, akwai wani sunan a bayan layi. Askar da ke aski ita ce ke tsaga, 'yan'uwanta na cikin zabira su ke cire beli, su ke shayi, su ke ƙaho. Ba zagin wanzamai nake ba, kuma da yawansu yanzu sabuwar reza suke ɓarewa a gaban mai gida. Ina dai nuna inda ilimin yake buƙatar isa.

Aikin da ya yi mana magana kai tsaye a Gambiya aka yi shi. Daga 1986 aka sa yara sama da 120,000 cikin wani dogon bincike, aka nuna allurar tana hana ƙwayar zama ta dindindin da fiye da kashi 90 cikin 100 a jikin yaran Afirka. Daga baya, a Gambiya da Sanigal, masu bincike suka bi ƙauyuka da ɗan gwajin nan na ɗigon jini daga yatsa. A Gambiya kusan kashi 9 cikin 100 aka samu da ƙwayar, amma waɗanda suke buƙatar fara shan magani nan take bisa ƙa'idar lokacin ba su kai kashi 5 cikin 100 na masu ita ba. Wannan albishir ne ga irin telanmu: samun ƙwayar ba takardar mutuwa ba ce. Abin da ake so shi ne a riƙa duba hantar lokaci-lokaci. Mai buƙatar magani kuma akwai tenofovir, ƙwaya ɗaya a yini, tana danne cutar ko da yake ba ta cika raba mutum da ita ba. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sassauta sharuɗɗan fara maganin, har ta amince a yi amfani da gwaje-gwajen jini masu araha inda babu na'urar ƙirga yawan ƙwayar. Wani ɓangare na hujjar wannan sassauci daga binciken Afirka ya fito.

Wanda bai samu wannan bibiya ba, ga yadda ƙarshensa yake kasancewa. Wani bincike da aka buga a 2017, wanda ya tattara majinyata daga ƙasashen Afirka da dama har da Nijeriya, ƙarƙashin jagorancin Lewis Roberts, likitan hanta haifaffen Ghana da ke aiki a asibitin Mayo na Amurka, ya samu cewa a wajen Masar matsakaicin shekarun mai sankarar hanta 46 ne. Kashi 3 cikin 100 ne suka samu maganin da ya shafi sankarar, rabin majinyatan kuma ba su wuce wata biyu da rabi ba bayan an gano ta. Magidanci ne mai ƙananan yara. Ciki ya kumbura, ƙafa ta kumbura, jiki ya zube. A gida ana cewa sammu ne aka ba shi a abinci, an sha jiƙe-jiƙe iri-iri, wasu ma ƙara wa hantar wahala suke. Sai an gaji ake ɗauko shi daga Illela ko Sabon Birni ko Tambuwal, wani har daga Ƙonni, zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a lokacin da likita ba shi da sauran abin yi illa rage raɗaɗi.

Wani abin ban sha'awa, lokacin da Beasley ya fara aikinsa, masana da yawa suna ganin ba ƙwayar cuta ce ke kawo sankarar ba, guba ce ta fumfunar da ke kama gyaɗa da masara, wadda ake kira aflatoksin. An gano ta ne bayan talo-talo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 saboda abincin gyaɗa. Ashe kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Binciken da aka yi a Shanghai a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa wanda ya haɗa ƙwayar B da wannan guba, haɗarinsa ya ninka kusan sau 60. Mu kuwa ƙasar ƙuli-ƙuli da tuwon masara ce, kuma kowa ya san gyaɗar da ta yi baƙi ba zubar da ita ake yi ba, ita ake rage wa kuɗi. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona don rage gubar tun daga tushe. Shi ma wani binciken ne da ke jiran ya isa rumbu.

A nan nake da ja da ma'aunin abokina. Lambar ambato tana nuna yadda masana suka ji maganar ɗan'uwansu, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin binciken da ba wanda ya tantance shi tatsuniya ce. Amma tana da son kai. Likitan da ya zauna a Sakkwato ya gano dalilin da ke hana jariran Gudu ko Tangaza samun allura a yinin farko, ya gwada ba wa ma'aikatan lafiya na unguwa ita su bi gida-gida, wataƙila mutum goma ne za su ambaci maƙalarsa, domin masanin Landan ba shi da wannan matsala. Wanda kuwa aka liƙa sunansa na 200 a wata babbar maƙala ta ƙasa da ƙasa zai kwashi ambato dubu yana barci. Tsarin ƙarin girma da ke ƙirga yawan maƙalu shi ya haifar da yanka bincike ɗaya gida uku, da biyan kuɗi ga mujallun da ba sa tace komai, da maimaita aikin nan guda: a gwada masu ba da jini ɗari biyu, a faɗi kashi nawa ke da ƙwayar, a rufe da kira ga gwamnati. Mun riga mun san tana nan. Abin da ya rage shi ne yadda za a tare ta.

Kuma ba abin da ya gagara ba ne. Allurar B tana jure zafi fiye da yawancin alluran riga-kafi. Daskarewa ce ma take lalata ta. A Indunusiya, inda su ma ake yawan haihuwa a gida, an ba ungozomomin ƙauye ita a cikin ɗan sirinji mai allura ɗaya da aka riga aka cika, suna ajiyewa a gidajensu ba firiji, suna yi wa jariri a ɗakin uwarsa. Mun kuma ga yadda sarakuna ƙarƙashin jagorancin Mai Alfarma Sarkin Musulmi suka buɗe wa allurar shan inna ƙofofin da suka daɗe a rufe, har aka ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar shan inna a 2020. Mai unguwa yakan ji labarin haihuwa kafin gari ya waye. Ungozoma tana ɗakin. Wanzami ma ana sanar da shi. Hanyar labari tana nan, allurar ce ba ta bin ta.

Garin nan ba baƙo ba ne ga irin wannan ilimi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, duk da yaƙi da shari'a da ke gabansa, ya zauna ya rubuta risala a kan basur da maganinsa, da wata a kan filasko. Da a yau ne, da an ce ya yi rubutu a fannin cututtukan ciki da hanji. Malaman zamaninsa suna da nasu ma'aunin, wanda suka ɗauko daga hadisin abubuwa uku da ba sa yankewa bayan mutuwa: ilimin da ake amfana da shi. Sharaɗin a kan amfanar yake, ba a kan yawan masu ambato ba.

Telan dai ya samu amsarsa daga wani likita da abokin nawa ya haɗa su. An gwada matar, ba ta da ƙwayar, aka fara yi mata riga-kafi. Da ta kasance tana da ita da yawa a jini, da an ba ta tenofovir a watannin ƙarshe na cikin. An gaya masa cutar ba ta bin gumi, ba ta bin cin abinci a kwano ɗaya, don haka ya daina ware kofinsa. An ce ya kiyaye rezarsa da abin yankan farce, ya bar jiƙon da wani mai magani a mota ya sayar masa, ya dawo bayan wata shida a sake duba hantar. An kuma nanata masa maganar sa'a 24.

Matar za ta tafi goyon ciki garinsu, can bayan Gwadabawa, kuma haihuwar za ta faɗo cikin damina. Ya ce ya riga ya je ya ga ma'aikacin asibitin garin ya karɓi lambarsa, ya yi magana da wani mai babur. Saura surukarsa, wadda ta ce ita a gidanta ba a taɓa fita da jariri kafin suna ba. Ya ce Kawunsa zai tura ya yi mata magana, don shi ba ya iya haɗa ido da ita.